Takon dala biyu: nazarin motar Kogi ta Los Angeles

A ƙarshen watan Nuwamban 2008 wata motar sayar da abinci ta fara yawo a titunan Los Angeles da daddare, tana sayar da tako ɗaya a kan dala 2. Ba shago, ba kujera, ba ma takamaiman wurin da za a ce gobe a nan za a same ta. Kafin watan Fabrairun 2009 ya ƙare, mutane sun fara yin layi a bakinta, irin layin da wani lokaci sai mutum ya shafe awa biyu a tsaye kafin ya kai taga. Sunan motar Kogi, abin da take sayarwa kuwa gasasshen nama ne irin na Koriya, an ɗora shi a kan 'yar gurasar masara irin ta Meziko. A 2009 mujallar Newsweek ta bayyana ta a matsayin gidan abinci na farko a Amurka da ya yi tashe ta hanyar intanet, an kuma ƙiyasta cewa a cikakkiyar shekararta ta farko ta yi cinikin kusan dala miliyan 2.

Yawancin masu ba da labarin nan Twitter suke jingina wa nasarar, wasu kuma su ce sabon abu ne kawai ya ja hankalin jama'a. Duka biyun suna da ƙamshin gaskiya, amma ba su isa ba. Motocin da suka biyo baya da Twitter a hannu da haɗe-haɗen abinci iri-iri sun fi a ƙirga, kuma da yawansu ba su yi ƙarko ba. Abin da ya riƙe Kogi ya fi wannan zurfi. Haɗin da ta sayar ya daɗe yana zaune a unguwannin birnin kafin a sa shi a faranti, sannan ƙafafun motar sun ba ta damar zaɓen wanda za ta sayar wa.

Mutanen da lokacin

Wanda tunanin ya fara zo wa shi ne Mark Manguera, Ba'amurke ɗan asalin Filifin, ma'aikacin otal a ɓangaren abinci da abin sha, wanda ya auri Caroline Shin, 'yar asalin Koriya. Yadda ake ba da labarin, wani dare ne yana cin tako a gefen titi ya ce me zai hana a zuba gashin Koriya a ciki. Shi ba kuku ba ne, don haka ya nemi tsohon abokin aikinsa na otal, Roy Choi.

An haifi Choi a Seoul a 1970, iyayensa suka kawo shi Amurka yana ɗan shekara biyu. Ya tashi a Los Angeles da kewayenta, gidansu na ƙaura daga wannan unguwa zuwa waccan. Mahaifiyarsa tana yin kimci, wato kabejin Koriya da ake tsimawa da barkono da tafarnuwa, tana sayar wa 'yan ƙasarsu, kuma akwai lokacin da iyayensa suka riƙe gidan abinci mai suna Silver Garden a Anaheim. Daga baya ya yi karatun girki a Culinary Institute of America, ya yi koyon aiki a Le Bernardin da ke New York, ɗaya daga cikin gidajen abincin da aka fi ji da su a ƙasar, ya kuma kai matsayin babban kuku a otal ɗin Beverly Hilton. A 2008 ya koma wani sabon gidan abincin Asiya mai suna RockSugar, aka sallame shi. Yana ɗan shekara 38, da iyali, ba aiki, sai ga kiran Manguera. Wani hanin ga Allah baiwa ne.

Lokacin ma ya taimaka, duk da muninsa. Ranar 15 ga Satumban 2008 bankin Lehman Brothers ya durƙushe, tattalin arzikin Amurka ya shiga halin da bai taɓa shiga ba tun shekarun 1930. Gine-gine suka tsaya cak a kudancin Kalifoniya, motocin abincin da suka saba bin leburori wuraren aiki suka rasa masu saye, aka jibge su ana neman mai haya. Ƙwararrun masu girki sun rasa aiki. Mutanen da suka saba cin abinci mai tsada a waje aljihunsu ya yi sanyi, amma harshensu bai manta daɗi ba. Wanda zai kawo girkin babban kuku a farashin titi ya tarar da kasuwa tana jiransa.

Abin da ke cikin takon

Yana da kyau a tsaya a kalli takon nan da kyau, domin rabin bayanin lamarin yana cikinsa.

A ƙasa akwai totiya biyu, wato 'yar gurasar masarar nan, ɗaya a kan ɗaya, kowace ba ta fi tafin hannu ba. Da masarar da aka dafa a ruwan farar ƙasa aka markaɗa ake yin su, kamar yadda mutanen Meziko suke yi tun kafin zuwan Turawa. Ana ɗora su a kan shimfiɗaɗɗen kaskon ƙarfe da ɗan mai har gefensu ya fara ƙamewa, tsakiyar kuwa tana nan da laushinta. Biyu ake sawa saboda ɗaya ba za ta iya da romon nama ba, sai ta yage a hannu. A kai sai naman haƙarƙarin sa, wanda ya kwana cikin jiƙon ruwan waken soya da sukari da tafarnuwa da man riɗi da markaɗaɗɗun 'ya'yan itace, yadda 'yan Koriya suke jiƙa gashinsu da ake kira galbi. Sau biyu naman yake ganin wuta. A gasa shi da farko, a daddatsa shi ƙanana, sannan idan mai saye ya zo a watsa shi a kan kaskon ƙarfen har sukarin jikinsa ya sake ƙonewa ya yi duhu, gefe-gefen ya yi ƙus-ƙus. A zuba jan yaji mai ruwa da aka haɗa da busasshen barkonon Meziko da na Koriya, a barbaɗa yankakkiyar albasa da ganyen koriyanda da lemon tsami, wanda shi ne adon kowane tako a birnin. Sai tulin kabeji da latas da aka yanka siri-siri aka cakuɗa da binega mai barkono da ruwan waken soya, a ƙarshe a yayyafa riɗi. Loma uku ce, in an daɗe huɗu. Akwai na kaza, da na alade mai yaji, da na awara ga waɗanda ba sa cin nama, sai kuma babbar totiya da ake naɗe kimci soyayye da cuku a ciki a gasa, amma na haƙarƙari shi ne ya yi suna.

Abin lura shi ne babu wani ɗanɗano a wannan jerin da ke faɗa da ɗan'uwansa, kuma ruwa ba ya tsami banza. Ɗan Koriya ya saba ɗaukar gasasshen nama ya ɗora a ganyen latas, ya sa yaji da tafarnuwa, ya naɗe ya jefa baki da hannu, abin da suke kira sam. Ɗan Meziko ma da hannu yake naɗe gasasshen namansa, da yaji da albasa da wani abu mai tsami. Tsarin loma ɗaya ne: nama mai maiƙo, yaji, tsami mai yanke maiƙon, da abin naɗewa. Choi bai tilasta wa komai zama inda bai dace ba. Ganyen latas ya ɗaga daga ƙasa ya mayar sama, ya sa totiya a gurbinsa.

Hatta barkonon da ke sa kimci ja, asalinsa daga nahiyar Amurka yake, bai isa Koriya ba sai wajen ƙarshen ƙarni na 16, bayan jiragen fatake sun zaga da shi Asiya. Shi kansa tako ba sabon shiga ba ne a harkar aro. Takon al pastor da ake gasawa a tsaye a jikin ƙarfe mai juyawa, daga shawarmar 'yan Labanon da suka yi ƙaura zuwa Meziko ya samo asali.

Sai kuma unguwa. Bayan Amurka ta sauya dokar shige da fice a 1965, 'yan Koriya suka yi ta kwarara Los Angeles, suka kafa kasuwanci a yankin da yanzu ake kira Koreatown. Allunan shagunan da rubutun Koriya suke, amma mafi yawan mazauna unguwar 'yan asalin Meziko ne da ƙasashen tsakiyar Amurka irin su Salbado da Gwatamala. A bayan kicin ɗin gidajen gashin Koriya, masu yanka nama da wanke kwano da kula da wuta galibi su ne. Yaron da ya tashi a nan, kimci a gida, tako a hanyar makaranta, bai ga wata katanga tsakanin biyun ba. Choi da kansa ya sha faɗin cewa takon nan Los Angeles ce a loma ɗaya, kuma wannan ba cika baki ba ne.

A nan ne Kogi ta bambanta da haɗe-haɗen da birnin ya sani a baya. Tun 1983 Wolfgang Puck, ɗan asalin Ostiriya, ya buɗe Chinois on Main a Santa Monica, inda ya haɗa dabarun girkin Faransa da kayan Sin da Japan. Abincin ya yi daɗi ya yi suna, amma na masu hali ne, kuma waɗanda suka kwaikwaye shi cikin shekarun 1990 sun zubar da mutuncin salon, kowa ya samu ruwan waken soya da citta sai ya zuba a kan abin da ya ga dama ya ninka farashi. Wancan haɗin daga kan kuku ya sauko zuwa faranti. Na Kogi daga titi ya taso, sai ya yi sa'ar haɗuwa da hannun da ya san aiki. Kuma bai sauya siffar tako ba, bai sauya farashinsa sosai ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin motar tako ya san yadda zai yi oda, ya san yadda zai riƙe, ya san nawa zai biya. Abu ɗaya ne kawai sabo, shi ne ɗanɗanon naman, kuma kasadar dala 2 ba ta fi ƙarfin kowa ba.

Gidan abinci marar adireshi

Makonnin farko ba su yi armashi ba. Sukan faka a wuri su yi ta zaman jira, mutane na wucewa suna leƙe, ba mai saye. Sai suka koma bakin gidajen rawa na Hollywood wajen ƙarfe biyun dare, lokacin da ake tashi, suna miƙa wa ƙattin da ke gadin ƙofa tako kyauta don su bar su su tsaya, su kuma yi musu talla. Suka gayyaci masu rubutu kan abinci a shafukan intanet su zo su ɗanɗana. Daga nan suka gano ɗaliban jami'ar UCLA, masu yunwar dare da ƙarancin kuɗi da waya a hannu kullum. A nan layi ya fara tsawo.

Matsalar kowace motar abinci ita ce wanda ya ci jiya ya ji daɗi bai san inda zai same ka yau ba. Tsofaffin motocin tako sun magance wannan ta hanyar kafewa a kusurwa ɗaya shekara da shekaru har unguwa ta san su. Kogi ta bi wata hanyar. Twitter ya fito a 2006, wayar iPhone a 2007, kuma saƙon da bai wuce haruffa 140 ba ya ishi a rubuta sunan titi da lokaci. Alice Shin, daga dangin matar Manguera, ita ce ta riƙe rubutun, kuma ba kamar sanarwar kamfani take yi ba. Tana raha, tana ba da haƙuri idan mota ta makara a cunkoso, tana sanar da sabon wuri idan 'yan sanda sun tashe su, mabiyan su ma su amsa da shawarar inda za a koma. Cikin shekarar mabiyan suka kai dubun-dubata.

Ke nan aikin Twitter shi ne ya zame wa motar adireshi, aiki ne babba amma iyakarsa ke nan. Saƙo yana iya kawo mutum sau ɗaya. Ba ya sa shi ya sake tuƙa mota rabin awa ya tsaya cikin sanyi mako mai zuwa.

Layin kansa ya koma wani ɓangare na abin da ake zuwa nema. Los Angeles birni ne da kowa ke rufe cikin motarsa, ba kasafai baƙo ke tsayawa kusa da baƙo ba. Sai ga fili a gaban wani kanti da aka rufe, ƙarfe goma na dare, mutum ɗari ko fiye a tsaye, hayaƙin nama na tashi daga saman mota, ana kiran sunaye ta taga. Wanda ya karɓi nasa a 'yar tiren takarda sai ya nemi bonet ɗin motarsa ya mayar da shi tebur, ko ya tsuguna a bakin kwalta, ya sunkuyo gaba don kada jan yajin ya ɗiga masa a riga. Ba mai kawo maka abinci, ba mai tambayar ko ka yi ajiyar wuri. Masu gidajen abinci da suka kashe dukiya wajen fitilu da labule sun kalli wannan sun ɗauki darasi, ko da ba su faɗa ba.

Ta fuskar kuɗi kuwa, dala 2 na ruɗin ido. Ba mai tsayawa awa guda ya sayi tako ɗaya ya tafi. An ƙiyasta cewa kowane mai saye yakan kashe kusan dala 13. Babu hayar shago a babban titi, babu masu hidimar tebur. Amma ba kyauta ake yi ba: akwai hayar mota, da mai, da gas, da tarar faka mota, sannan dokar Kalifoniya ta wajabta wa kowace motar abinci komawa wata matattara mai lasisi inda ake wanke ta, a zubar da ruwan datti, a ɗebi mai tsabta. Ribar tana cikin yawan ciniki da sauri, shi ya sa jerin abincin ya zama gajere, nama iri kaɗan ana juya su cikin siffofi daban-daban.

Waɗanda suka share hanyar

Akwai ɓangaren labarin da masu yabon Kogi kan tsallake, kuma bai kamata ba. Motar tako ba a 2008 ta fara ba. Tun 1974 Raul Martinez ya gyara tsohuwar motar sayar da askirim ya fara sayar da tako a gabashin Los Angeles, sana'ar da ta girma ta zama King Taco. Dubban motoci irin tasa, waɗanda masu su ke kira lonchera, sun ciyar da leburori da ma'aikatan dare fiye da shekara talatin. Abin da suka samu daga sauran jama'ar gari shi ne laƙabin motar kyankyaso.

A watan Afrilun 2008, wata bakwai kacal kafin Kogi ta fito, hukumar gundumar Los Angeles ta zartar da doka cewa duk motar abincin da ta wuce awa ɗaya a wuri guda a yankunan da ke ƙarƙashinta kai tsaye ta aikata laifi, hukuncinsa tarar da za ta iya kai dala 1,000 ko ɗaurin wata shida. Masu gidajen abinci na gabashin birnin ne suka matsa, suna cewa motocin na ƙwace musu ciniki ba tare da biyan haya ba. Masu motocin suka haɗa kai suka tafi kotu, wasu malaman makaranta biyu suka buɗe shafin tattara sa hannu da taken cewa gasasshen nama ba laifi ba ne. A watan Agusta alƙali ya soke dokar, ya ce ba ta fito fili ba kuma ta ci karo da dokar jiha. Wato filin da Kogi ta shigo ta taka, wasu ne suka yi shari'a a kansa.

Motar iri ɗaya ce, kaskon iri ɗaya, totiyar ma daga masana'antu ɗaya ake saye. Abin da ya sauya shi ne masu tsayawa a layi. Da 'yan jami'a da ma'aikatan kamfanonin fim suka fara tsayawa, sai sana'ar ta tashi daga abin ƙyama ta koma abin alfahari, jaridu suka fara aiko da masu ɗaukar hoto. A 2010 mujallar Food & Wine ta sa Choi cikin jerin sababbin kukun da suka fi fice a Amurka, karo na farko da mai girki a mota ya samu wannan. Ya cancanta, kuma shi da kansa bai taɓa ɓoye bashin da masu lonchera ke bin sa ba. Amma masu tura keken abinci da masu kafa tebur a gefen titi a wannan birnin sun ci gaba da zama masu laifi a idon doka har sai da jihar Kalifoniya ta zartar da dokar halatta sana'arsu a 2018, shekara goma cif bayan fitowar Kogi.

Cunkoso, da komawa cikin gini

Masu kwaikwayo ba su ɓata lokaci ba. Cikin shekara biyu titunan birnin suka cika da motoci masu fenti kala-kala, wannan na sayar da sanwicin Biyetnam, wancan gasasshen burodi da cuku, wani askirim. Takon Koriya ya bazu zuwa Austin da New York da St. Louis. Wani babban kamfanin gidajen abinci, Baja Fresh, ya fito da nasa takon a 2009 har da sunan Kogi a jiki, sai da aka yi masa ca sannan ya sauya sunan. A titin Wilshire rikici ya ɓarke tsakanin masu shaguna da motocin da ke jeruwa a gabansu lokacin abincin rana. A 2010 gundumar ta faɗaɗa tsarin dubagari na manna takardar A ko B ko C, wanda gidajen abinci ke ƙarƙashinsa tun 1998, ya haɗa da motoci.

Da yawa daga cikin sababbin sun ɗauka sirrin shi ne a ɗauko abincin ƙasashe biyu a gwama su, a raɗa wa mota suna mai ban dariya. Irin waɗannan sukan ja mutane ranar farko, saboda kowa na son ya ga ƙwaƙwaf, amma ba a komawa.

Kogi kuwa ta ƙara motoci, kowace da sunan launi da harshen Sifaniyanci, Roja da Verde da Azul da Naranja, ta kuma samu kicin na dindindin a wata mashaya mai suna Alibi Room. A 2010 Choi ya buɗe Chego, ƙaramin shago mai sayar da shinkafa da nama a kwano, inda za ka yi oda a kanta ka ɗauki abinka ka nemi benci, sai A-Frame a wani tsohon ginin kamfanin gidajen abinci na IHOP, inda baƙi ke zama a dogon tebur ɗaya suna ci da hannu. Wannan salon, girkin ƙwararre ba tare da farin ƙyallen tebur ba, a farashin da ma'aikaci zai iya, kiɗa na tashi, shi ne ya zama ruwan dare a biranen Amurka cikin shekarun da suka biyo baya. Ba Choi kaɗai ya kawo shi ba, domin David Chang ya riga ya buɗe gidan abincinsa Momofuku a New York tun 2004, amma Kogi ce ta nuna cewa ko bango da rufi ma ba dole ba ne.

Gwajin Watts

Abin da ya fi fito da asalin ƙarfin Kogi fili shi ne wani aikin da Choi ya yi daga baya wanda bai ɗore ba. A 2013, a taron masu girki na MAD da ake yi a Kopanhagan, ya ƙalubalanci takwarorinsa cewa suna ciyar da masu kuɗi alhali unguwannin talakawa a biranensu ba su da inda za a sayi abincin kirki. Daniel Patterson, mai gidan abinci na alfarma a San Francisco, ya amsa kiran. Suka tara kuɗi, har da gudummawar jama'a ta intanet, suka buɗe gidan abinci mai suna Locol ranar 18 ga Janairun 2016 a Watts da ke Los Angeles, unguwar baƙar fata da 'yan asalin Latin Amurka da talauci ya daɗe da yi wa katutu. Boga dala 4, kofi dala 1. Naman bogar an cakuɗa shi da hatsi da awara don ya ƙara gina jiki ya rage tsada, ba a sayar da lemon kwalba, ma'aikatan kuma daga unguwar aka ɗauke su. Aka buɗe reshe a Oakland.

A watan Janairun 2017 Pete Wells, mai sharhin gidajen abinci na jaridar New York Times a lokacin, ya je reshen Oakland ya hana shi ko ɗaya daga taurarin da jaridar ke auna gidajen abinci da su, yana mai cewa abinci komai gina jikinsa ba shi da amfani idan mutum ba ya sha'awar cinsa. Aka yi masa rubdugu, ana cewa ya auna aikin taimako da ma'aunin gidan alfarma. 'Yan watanni bayan haka jaridar Los Angeles Times, inda Jonathan Gold yake sharhin abinci a lokacin, ta ba Locol kambun gidan abinci na shekara. Yabon da sukan duka ba su sauya lissafin akwatin kuɗi ba. A watan Agustan 2018 aka rufe shagunan.

Kuku ɗaya ne, sunansa ma ya fi na 2008 girma nesa ba kusa ba, mabiyansa a intanet sun ninka. To me ya bambanta? A ganina abu biyu ne. Kogi ta fara ne daga abin da bakin mutane ya riga ya saba da shi ta ƙara masa daɗi, Locol kuwa ta zo da niyyar gyara abin da mutane ke ci, kuma dala 4 ɗin da mai zuwa daga yammacin birni ke gani kamar kyauta, a Watts tana gogayya ne da bogar dala 1 ta manyan kamfanoni. Na biyu, Kogi tana da taya. Idan wuri bai yi ciniki ba sai ta tada inji, da rana ta tsaya gaban ofisoshi, da dare gaban jami'a, tana bin aljihu duk inda yake. Locol da gangan ta ɗaure kanta a inda aljihun ya fi ko'ina rauni, domin wannan ne dalilin kafa ta. Masu zuwa daga nesa sun zo sau ɗaya sun ɗauki hoto sun koma, cinikin yau da kullum ya rage a wuyan mutanen unguwa, ga haya ga albashi ba sa jira.

A 2024 aka sake buɗe shagon na Watts, wannan karon a ƙarƙashin wata ƙungiyar da ba riba take nema ba, Patterson tare da Keith Corbin, ɗan unguwar da ya fara aikin girki a Locol ɗin farko, kuma aka karkata jerin abincin zuwa girkin gida irin na baƙar fatan Amurka.